Mai Auna Gurbin Haƙorin Da Bai Tsiro Ba

Yaro idan ya kai shekara 6 zuwa 7 yakan shiga famfara. Haƙoran gaba na ƙasa su fara girgiɗi, su faɗi ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa yawo da giɓi, yayyensa suna tsokanarsa cewa kada ya bari ƙadangare ya gani. A gidajenmu na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, abin da ake jira kawai shi ne sabon haƙori ya tsiro. Idan ya fito a miƙe, madalla. Idan ya fito a karkace, ko ya hau kan ɗan'uwansa, sai a ce haka Allah Ya halicce shi, a wuce wurin.

Amma akwai wani ma'aikaci wanda wannan shekarar ce lokacin da ya fi son a kawo masa yaro. Shi ne likitan jera haƙora, wanda fanninsa ake kira otodontik, wato ilimin daidaita haƙora da muƙamuƙi. Kafin mutum ya kai wannan matsayi a Nijeriya sai ya yi shekara 6 yana karatun likitan haƙori, ya yi shekarar sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru a ƙarƙashin manya har ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa ko ta Likitocin Fiɗa na Afirka ta Yamma. A Kano, Tsangayar Haƙori ta Jami'ar Bayero tana da sashen lafiyar haƙoran yara, kuma aikin duba marasa lafiya ana yin sa ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya, titin da mutumin kudancin Kano ke shigowa birni ta kansa.

Ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro kada ya wuce shekara 7. Dalilin yana cikin lissafin baki. Haƙoran nono, wato na yarinta, guda 20 ne. Na dindindin 32. A wajen shekara 6, can bayan turamen nono, wani babban turmi yakan tsiro ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukarsa na nono, su bar shi ya ruɓe, alhali shi ne turmin farko na dindindin kuma babu wanda zai maye gurbinsa. Da zarar waɗannan turame huɗu sun fito, haƙoran gaba ma sun fara leƙowa, likita ya sami abin da zai karanta yadda bakin zai kasance bayan shekara biyar.

Ba da baki yake farawa ba. Yakan juya ga mahaifiya ya ce, “Hajiya, yana tsotson yatsa? Da dare baki a buɗe yake barci? Yana minshari? Ya taɓa faɗuwa ya bugi baki? A dangin babansa ko naku akwai mai doguwar haɓa?” Kowace tambaya da abin da take nema. Tsotson yatsa yana tura haƙoran sama waje. Yaron da hancinsa ke toshe yana numfashi ta baki, harshensa ya kwanta ƙasa, ganɗa ta rasa abin da ke tallafa mata ta yi faɗi. Bugun da haƙorin nono ya sha yana shekara 2 kan iya lanƙwasa na dindindin da ke ginuwa a samansa cikin ƙashi. Doguwar haɓa kuwa sau da yawa gado ce. Yakan kuma tambayi sikila, domin a jikin mai wannan lalura ɓargo yana aiki fiye da ƙima, har ƙashin muƙamuƙin sama ya kan bunƙasa ya turo gaba, kuma ko cire haƙori za a yi masa sai an yi shiri na musamman.

Daga nan sai fuska. Zai zaunar da yaron a miƙe, kai ba a sunkuye ba, ba a ɗage ba, ya ce, “Ɗan samari, kalli bangon can.” Ya dube shi ta gaba, ko haɓa tana tsakiya ko ta zame gefe, ko leɓɓa suna haɗuwa da kansu ko sai yaron ya matse. Sannan ya koma gefe ya miƙa yatsu biyu: manuniya ya ɗora a kwarin da ke ƙarƙashin hanci, ɗan tsakiya a kwarin da ke tsakanin leɓen ƙasa da haɓa. Idan hannunsa ya tsaya a kwance, muƙamuƙan biyu sun yi daidai. Idan ya karkata, to ɗaya ya riga ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan, ba tare da wata na'ura ba, ya raba matsala gida biyu: ko haƙora ne suka kauce, ko ƙashin da ke ɗauke da su. Maganin wannan daban, na wancan daban.

Sai ya ɗauki ɗan madubi mai mariƙi da siririn tsinken ƙarfe, ya shiga ƙirga. Yakan fara daga turmin dama na sama ya zagayo, yana faɗa ana rubutawa: wannan na nono, wannan na dindindin, wannan yana girgiɗi, wannan ya ruɓe. Haƙora tagwaye suke fitowa, na dama da na hagu. Idan ɗaya ya fito, takwaransa ya yi wata 6 babu labari, likita ba ya cewa a jira. Sau da yawa wani ɗan ƙarin haƙori ne, wanda ba ya cikin lissafin 32, ya kwanta a cikin ƙashi ya tare hanya. A cire shi da wuri, mai gurbin ya sauko.

Ƙirga ta ƙare, sai ya ce a cije. Nan ne aikin Edward Angle, likitan Amurka, ke shigowa. A 1899 ya fitar da tsarin da duniya ke bi har yau, ya ce mabuɗin cizo shi ne wancan turmin shekara 6. Turmin sama yana da tsini a gaba ta ɓangaren kunci, na ƙasa kuma yana da tsaga a gefensa. Idan tsinin ya faɗa cikin tsagar, aji na ɗaya ke nan, gindi ya zauna. Idan ya wuce ta gaba, aji na biyu: na sama sun riga na ƙasa. Idan ya koma bayanta, aji na uku: na ƙasa ne a gaba. Likita yakan ja kunci da madubi ya duba dama, ya duba hagu, domin ba lallai ne ɓangarorin biyu su zo ɗaya ba.

Sannan ɗan ƙaramin rula na ƙarfe. Ya kafa bakinsa a jikin haƙorin gaba na ƙasa, ya karanta inda bakin na sama ya tsaya. Milimita 2 zuwa 4 shi ne daidai. Idan ya karanta 8 ko 9, ya san waɗannan haƙora sun fita daga kariyar leɓe, kuma su ne farkon abin da zai taɓa ƙasa ranar da yaron ya faɗo daga keke ko ya yi tuntuɓe a filin ƙwallo. Bayan haka ya ce yaron ya naɗe harshe ya kai can ƙarshen ganɗa, ya rufe baki a hankali. Idonsa yana kan haɓa. Idan wani haƙori ya riga sauran taɓawa, har muƙamuƙi ya zame gefe ko gaba kafin ya sami wurin zama, to yaron yana cizo a karkace sau ɗaruruwa kowace rana, a shekarun da ƙashinsa ke girma. Wannan na cikin abubuwan da ba a jinkirta su.

Idan yaron ya kai shekara 9 zuwa 10, akwai wani binciken da tafin yatsa kaɗai ke yi. Likita zai sa yatsa ƙarƙashin leɓen sama, can saman fiƙar nono, ya lalubi dasashi. Yana neman wani ɗan tudu mai tauri. Fiƙar dindindin ce, wadda take farawa daga can kusa da gefen hanci, ta yi doguwar tafiya kafin ta fito a wajen shekara 11 zuwa 12. Idan ya ji tudun, tana kan hanya. Idan bai ji ba, ta yiwu ta ratse ta nufi ganɗa, inda za ta iya cinye saiwar maƙwabcinta a ɓoye. Wasu likitocin Suwidin biyu, Ericson da Kurol, sun nuna a 1988 cewa cire fiƙar nono a kan lokaci yakan sa yawancin irin waɗannan su dawo hanya da kansu. Aikin minti kaɗan ya hana fiɗa da shekaru na jan haƙori.

Abin da ido da yatsa suka yi zargi, hoto ke tabbatarwa. Akwai na'urar eksire da ke zagaya kan yaro ta fitar da muƙamuƙan biyu a shimfiɗe cikin hoto guda. A nan ake ganin haƙoran dindindin jere a ƙarƙashin na nono, kowanne da matakinsa. Likita yana duban tsawon saiwa, domin haƙori yakan huda dasashi ne idan saiwarsa ta kai wajen kashi biyu cikin uku. Da wannan yake ƙiyasta saura nawa ga kowanne. Ba kowane yaro ake ɗauka ba; sai wanda binciken hannu ya nuna akwai dalili.

Ɗaukar sawun haƙora aiki ne na gaggawa da natsuwa a lokaci guda. Garin da ake amfani da shi sunansa aljinet, kuma daga ciyawar teku ake samo shi. Ana auna gari, a auna ruwa, a zuba cikin kwanon roba, a riƙa murza shi da faffaɗar wuƙa a jikin kwanon har ya yi sumul babu gudaji. A zafin bazara ruwan ɗumi yana sa shi daskarewa tun bai kai baki ba, don haka mai aikin yakan nemi ruwan sanyi. A cika ɗan faranti mai lanƙwasa irin ta jerin haƙora, a shigar da shi ta gefe, a fara danna baya sannan gaba don kada ya gangara maƙogwaro. A sunkuyar da kan yaron, a ce, “Yi numfashi ta hanci, 'yammata, saura kaɗan.” Cikin minti biyu zuwa uku ya kama, a fizge shi da motsi ɗaya, domin jan hankali yana yage shi. A lokacin hunturu iska tana shanye ruwansa ya tsuke, saboda haka ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle a garzaya ɗakin zubi. Can a dama filasta, a riƙa ɗiga ta daga gefe guda ana girgiza farantin, don kumfa ta tashi kada ta zauna a kan tsinin haƙori. Idan ta bushe, ga bakin yaron a tafin hannu, ana iya juya shi a dube shi ta baya, inda ido ba ya kaiwa a kan kujera. Wasu asibitocin duniya yanzu suna ɗaukar wannan sawu da kyamara zuwa kwamfuta, amma abin da ake nema bai canza ba.

A kan wannan kwafi ake yin lissafin da ya fi ba ni mamaki. Likita yana son sanin faɗin haƙoran da ba su fito ba. Zai ɗauki ma'auni mai baki biyu masu tsini ya auna haƙoran gaba huɗu na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ya tara. A ce sun ba shi milimita 23. Ya raba biyu, 11.5. Ya ƙara 10.5, ya sami 22. Wannan shi ne gurbin da fiƙa da ƙananan turame biyu na dindindin za su buƙata a kowane ɓangare na ƙasa. A sama 11 ake ƙarawa. Sai ya auna filin da ke akwai, daga gefen haƙoran gaba zuwa turmin shekara 6. Idan ya sami 22, lafiya. Idan 19 ya samu, cunkoso na tafe, kuma ya san girmansa shekaru kafin ya iso. Tanaka da Johnston ne suka fitar da wannan hanya a 1974, daga bakunan yaran Turawan Amurka, shi ya sa likita mai lura ba ya dogara da ita ita kaɗai a kan yaranmu. Yana haɗa ta da hoto. Yana kuma sane da wata ajiya da Allah Ya yi a bakin kowane yaro: turamen nono sun fi waɗanda za su gaje su faɗi, da kusan milimita 2 a kowane ɓangare na ƙasa. Wanda ya san da wannan rara yakan tsare ta, ya warware ƙaramin cunkoso ba tare da an cire haƙori ko ɗaya ba.

A nan ake gane nauyin maganar da muke yi da sauƙi, cewa ai haƙorin nono ne, zai faɗi. Turmin nono na biyu ba ya faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, kuma duk tsawon lokacin yana riƙe wa wani gurbi ne. Idan alawa da mazarƙwaila suka cinye shi aka fizge shi yana shekara 6, babban turmin da ke bayansa zai kwanto gaba ya cinye filin. Mai fizgewa ya gama nasa cikin minti biyu ya karɓi kuɗinsa. Likitan jera haƙora kuwa zai zaɓi zoben ƙarfe marar tsatsa daidai da turmin, ya gwada, ya canza, ya sake gwadawa har ya zauna daram. A ɗakin ƙira a lanƙwasa waya ta tsallake giɓin ta dafa haƙorin da ke gaban giɓin, a yi mata walda da zoben, a goge ta sumul, a manne da simintin haƙori. Ba ta tura komai, ba ta ja komai. Aikinta ta tsaya har mai wurin ya leƙo.

Idan haƙorin gaba na sama ya fito ta bayan na ƙasa, sai a ƙera farantin roba mai tauri da ke kwanciya a ganɗa, wanda yaro ke iya cirewa. Mai ƙira yana riƙe da filaya a dama, waya mai kaurin milimita 0.7 a hagu. Filaya riƙewa kawai take yi. Babban yatsa ne ke lanƙwasawa. Ya yi kusurwa biyu, ya fitar da ƙananan kawuna biyu da za su kama turmi a daidai inda ya fara tsukewa kusa da dasashi, ya tsallakar da ƙafafun ta tsakanin haƙora ba tare da sun hana cizo ba. Wannan maƙalli sunan Philip Adams yake ɗauke da shi, likitan da ya ƙirƙiro shi a Birtaniya. Bayan kowace lanƙwasa sai ya ɗora a kan kwafin filasta ya duba. Waya ba ta son a lanƙwasa a mayar. Ta yi rauni ke nan, sai a yar a ɗauki sabuwa. Daga nan ya ɗauki mai kaurin 0.5 ya naɗa ɗan sifirin da zai tsaya a bayan haƙorin da ya kauce yana tura shi.

Turawar kuwa ba ta ƙarfi ba ce. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wasu zaruruwa a cikin rata mai kusan rubu'in milimita. Idan aka matsa a hankali ba tare da yankewa ba, jiki da kansa yana narkar da ƙashi a gefen da ake matsawa, ya gina sabo a gefen da aka bari. Haƙori ya yi tafiyar kusan milimita 1 a wata. Idan aka yi gaggawa aka tsananta, jini ya yanke a wurin, tafiyar ta tsaya, saiwa ta lalace. Wannan shi ne haɗarin ƙarafan ado da wasu ke manna wa matasa a shaguna ba awo ba hoto: waya ba ta san ado ba, duk inda aka ɗaura ta sai ta ja.

Akwai gyaran da ƙuruciya kaɗai ke ba da damarsa. Ganɗar yaro ƙashi biyu ce da ɗinki a tsakiya wanda bai gama haɗewa ba. Tun 1860 wani likita a Amurka, Emerson Angell, ya bayyana cewa ana iya buɗa ta. Yau ana sa ƙusa mai murɗi a tsakiyar wata na'ura da ke zama a ganɗa, a ba uwa ɗan mabuɗi, a koya mata ta sa shi a rami ta tura har wani ramin ya bayyana. Kowane murɗi kusan rubu'in milimita ne, kuma likita ke faɗin sau nawa. Yaron da muƙamuƙinsa na sama ya tsaya a baya kuma, ana iya ja masa shi gaba da wata na'ura mai dafa goshi da haɓa, kuma ta fi aiki kafin shekara 10. Mai tsotson yatsa ana fara masa da lallashi da yabo. Idan ya daina a farkon famfara, ratar da ta buɗe tsakanin haƙoran sama da na ƙasa sau da yawa takan rufe da kanta.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwanintar wannan likita ita ce sanin wanda za a tanƙwara da wanda za a ƙyale, kuma yawancin yaran da ya duba ƙyale su yake yi. Wushiryar da ke buɗewa a shekara 8 yawanci tana rufewa idan fiƙoƙi suka sauko suka matso maƙwabta; wanda ya yi garajen rufe ta da waya yana iya tura saiwa kan hanyar fiƙa. Haƙoran ƙasa da suka tsiro a bayan na nono, harshe kan turo su gaba. Tsagin da ke bakin sabon haƙori tauna ce ke goge shi, kuma ɗan rawayar da yake da ita ba cuta ba ce, haka na dindindin suke. Tazara tsakanin haƙoran nono ma alheri ce. Hatta yaron da haɓarsa ta koma baya, sau da yawa jira ake yi sai ya shiga tashen girma, lokacin da ƙashi ke amsa gyara da sauri. Mutum ya yi shekaru yana koyon lanƙwasa waya, sannan ya dubi uba ya ce, “Malam, babu abin da za mu sa masa yanzu, a dawo da shi bayan wata 6.” Wannan jawabi ma awo ne ya haife shi.

Kafin ya zaɓi na'ura yakan tambayi inda yaron yake zaune. Wanda ke Tiga ko Kwanar Ɗangora yana iya zuwa duk bayan mako 4 zuwa 6. Wanda zai taso daga Riruwai, ya ratsa dajin Falgore, ya bi ta Tudun Wada kafin ya hau titin Kano, kuma mahaifinsa yana tsakiyar aikin masara ko shinkafa, yana buƙatar abin da ba ya neman gyara akai-akai. Sauran aikin na gida ne. Farantin da ke aljihu ba ya motsa haƙori. Bakin da ke ɗauke da waya yana son buroshi da makilin safe da dare, kuma ba ya son gatsar rake ko cingam.

Ba kowane gida ne zai iya kaiwa ga ƙwararre a yau ba, amma kowane gida na iya yin kashi na farko. Uwa, malamin firamare, malamar Islamiyya, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi: idan yaro ya shiga famfara, ku sa shi ya cije ku duba. Haƙorin sama da ya shige bayan na ƙasa, haɓar da ke zamewa gefe, haƙoran da leɓe ya kasa rufewa, tagwayen da ɗaya ya fito ɗaya ya yi wata 6 shiru, turmin nono da ya ruɓe ko aka cire da wuri, duk waɗannan dalilai ne na zuwa wurin likitan haƙori mafi kusa, shi kuma ya san wanda zai tura gaba. Ku kai yaranku a duba su suna shekara 7, kada ku jira sai sun kai 17.